Salansa da Gargadar Hanyar Hoggar

A ranar 17 ga Disamba 1922 motoci 5 na kamfanin Citroën suka tashi daga Tugurt a ƙarƙashin jagorancin Haardt da Audouin-Dubreuil. Suka ratsa In Salah da duwatsun Hoggar, suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Tafiyar gwaji ce, domin a ga abin da sahara za ta yi wa ƙarfe. Daga 1933 kuma motocin kamfanin SATT suka riƙa ɗaukar fasinja daga Alje zuwa Kano ta nan Tamanrasat da Agadas da Damagaram.

Zafi da rairayi kowa ya san da su. Abin da ke cin mota a ɓoye shi ne gargadar nan mai kama da kwanon rufi, wadda manyanmu suka sha a hanyar In Gezzam kafin zuwan kwalta. Salansa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Kanta yana ɗaure da inji, inji kuwa rawa yake yi. Wutsiyarta tana ɗaure da gangar jikin mota, ita ma da tata rawar dabam. Idan an ɗaure ta tamau, bututun zai yi ta lanƙwasuwa kaɗan-kaɗan har ya tsage, galibi a gindin walda. Ga shi ƙarfen yana buɗewa in ya yi zafi, ya tsuke in ya huce. Saboda haka masu ƙera motoci suka koma rataye ta da roba, suka kuma gina wa kansu munanan hanyoyi da gangan a filayen gwaji, irin na General Motors da aka buɗe a Milford ta Amurka a 1924.

Hanyar gano tsaguwa ba ta sauya ba. A tayar da mota da sanyin safiya a kasa kunne: ƙaramar tsaga kusa da inji tana yin tak-tak, sautin ya ragu bayan ƙarfe ya ɗumama. A leƙa a nemi baƙin tabon hayaƙi a mahaɗai. Bakanike yakan toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, sai iska ta fito da huci ta inda aka huje.

Mu kuwa, a ganinmu, mun cika ɗaukar wannan a matsayin ƙara mai damun maƙwabta kawai. Cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma jini yana kama ta fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Tsakanin Tamanrasat da In Gezzam kimanin kilomita 400 ne, gilasai a rufe saboda ƙura, yara suna barci a baya. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko, kuma sau da yawa gajiyar hanya ake ɗora wa laifi. Idan mutum biyu ko uku suka koka a lokaci guda, a tsaya, a kashe inji, kowa ya fita ya sha iska, kada a ci gaba sai gilasai a buɗe.