Zaman Kan Dutse Kusa da Gari: Ribarsa da Abin da Ke Riƙe da Ita

Da yawa daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai suna zaune a ƙauyukan tudun Jos, kamar su Vom, Kuru, Miango, Riyom da gindin duwatsun Shere. Mutanen birni sukan ce mun ji daɗi. Suna cewa muna da iska mai sanyi, babu hayaniya, ga kasuwa da kantuna kusa, ga kuma wuraren shan iska waɗanda baƙi ke zuwa kallo daga nesa. Gaskiya suka faɗa. Amma ya kamata mu gane cewa waɗannan abubuwa uku, watau sanyi da kasuwa da baƙi, ba su da amfani ga wanda ba shi da gona. Manomin dutse kuwa yakan rasa gonarsa ta hanya biyu: ko ruwa ya kwashe ta, ko kuwa mai kuɗi ya saye ta. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sanyin dutse

Garin Jos yana bisa teku da wajen mita 1,200, watau kusan ƙafa 4,000. Ƙololuwar duwatsun Shere ta wuce mita 1,800. Duk sa'ad da mutum ya hau mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Abin da ya sa ke nan muke neman bargo a watan Disamba da Janairu, ko a damina ma dare yakan yi sanyi.

Wannan sanyi shi ne jarinmu na farko. Dankalin Turawa ba ya yin 'ya'ya sosai sai inda dare ke da sanyi, saboda haka mafi yawan dankalin da ake ci a Nijeriya daga Jihar Filato yake fitowa, musamman daga Bokkos, Mangu, Barikin Ladi da Pankshin. Haka kuma kabeji, karas, latas da koren wake suna yi a wurinmu da kyau. A ƙauyen Chaha kusa da Vom har sitiroberi ake nomawa. Saboda wannan yanayi ne aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, aka kuma sa tashar binciken dankali a Kuru.

Amma sanyi da laima suna da nasu sharri. Cutar da ke ƙone ganyen dankali da na tumatir tana yaɗuwa da sauri a lokacin hazo da yayyafi, tana iya cinye gona cikin 'yan kwanaki. Maganinta shi ne iri mai lafiya, da shuka da wuri, da feshi tun kafin ta bayyana, da cire duk shukar da ta kamu. Kada mu maimaita dankali ko tumatir a gona ɗaya kowace shekara, gama danginsu ɗaya ne, cutarsu kuma ɗaya. Mu sa masara, acca ko wake a tsakani har shekara biyu ko uku.

Kasuwa a kusa

Haƙar kuza ce ta kawo hanyoyi da kantuna a wannan tudu tun farkon shekarun 1900. Jirgin ƙasa daga Kafanchan ya iso Jos a 1927. Kamfanonin kuza sun tafi, amma garuruwan da suka taso dominsu, kamar Jos da Bukuru, suna nan cike da masu sayen abinci. Manomin da ke Kuru ko Vom yana iya kai kayansa kasuwar Farin Gada da safe ya komo gida kafin la'asar. Yana kuma iya samun taki, iri, magani da kwanon rufi ba tare da ya kwana a hanya ba. Ɗan'uwanmu da ke can cikin lungu ba shi da wannan sauƙi.

Duk da haka, kusanci da kasuwa bai isa ya sa mutum ya sami riba ba. Kayan lambu ba sa jira. Wanda ya kai kabeji shi kaɗai, ya biya kuɗin mota shi kaɗai, dole ya karɓi abin da dillali ya faɗa, domin ba zai komo da shi gida ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya yin abu huɗu:

1. Ta ɗauki hayar mota ɗaya, a raba kuɗin bisa yawan buhunan kowa.

2. Ta ware kaya kashi uku, manya da matsakaita da ƙanana, gama buhun da aka cakuɗa farashin ƙanana ake ba shi.

3. Ta tsara shuka, kada kowa ya girbe abu ɗaya a mako ɗaya kasuwa ta cika.

4. Ta gina ɗakin ajiyar irin dankali mai iska, mai kantoci, wanda haske ke shiga amma rana ba ta dukan irin. A irin wannan ɗaki tsiron yakan fito gajere mai ƙarfi, ba sai mun sayi iri da tsada lokacin shuka ba.

Kanti kuma baki biyu gare shi. Inda kanti yake kusa, kuɗi ba ya daɗewa a aljihu, bashi kuma yana da sauƙin ci. Yana da kyau kowane memba ya zuba wani abu a asusun ƙungiya ranar da ya sayar da kaya, tun kafin ya bi ta kanti. In za mu sayi taki ko maganin feshi, mu saya tare daga wurin da muka sani, mu duba ranar lalacewarsa da lambar NAFDAC.

Baƙi masu zuwa shan iska

Tun da daɗewa mutane ke hawowa wannan tudu domin su huta. An buɗe gidan hutu na Miango a 1914, gidan tarihi na Jos a 1952, gandun namun daji na Jos a 1972. Akwai magangarar ruwa ta Assop a kan hanyar Akwanga, da ta Kurra inda aka daɗe ana samar da lantarki, da dutsen Riyom. A Shere akwai makarantar horar da matasa inda ake koyon hawan dutse.

Baƙon da ya zo kallo yana cin abinci, yana kuma son tsaraba. Ƙungiyar da ke bakin hanya tana iya kafa rumfa mai tsabta ta sayar da zuma, acca wadda aka wanke aka ƙulla, ƙwai, kayan lambu da 'ya'yan itace. Samarinmu da suka san hanyoyin dutse suna iya yi wa baƙi jagora a biya su. Farashi ya zama ɗaya, mudu ya zama na gaskiya, gama baƙon da aka cuta ba ya komowa, yakan kuma faɗa wa goma. Mu tuna kuma abin da baƙi ke zuwa gani shi ne duwatsu da itatuwa da ruwa mai gudu. In mun sare itatuwan mun yi gawayi, mun cika rafi da leda, ba wanda zai zo.

Yadda ruwa ke kwashe gona

Tudun Jos yana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. Kogin Kaduna da kogin Gongola duk daga nan suka taso. Ruwan da ya sauka a gangare yakan yi gudu, in kuwa ya yi gudu sai ya ɗauki ƙasar sama, wadda ita ce mai taki. Da fari ƙaramar hanya ce za ka gani a tsakiyar gona. Bayan damina biyu ko uku ta zama kwazazzabo. Ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa tana iya tafiya a damina ɗaya.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Mutanen Kofyar, a gefen kudu na tudun nan, sun jera duwatsu a gicciyen gangare kamar matakala, suna yin kunya mai tare ruwa, suna tara takin awaki a garke su kai gona. Da haka suke noma gonar bayan gida kowace shekara ba ta gaji ba. Wani masani, Robert Netting, ya rubuta littafi a kan nomansu a 1968. A Sukur kuma, cikin duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, irin waɗannan matakalai suna cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Ba a bukatar injiniya kafin a fara. Ga yadda ake auna layin gicciye da sanda uku:

1. A samo sanda biyu masu tsawo ɗaya, kamar ƙafa 6. A ɗaure kawunansu tare, a buɗe ƙafafunsu, a ɗaura ta uku a gicciye a tsakiya.

2. A rataya igiya daga sama da dutse a bakinta, ta sauko ta wuce sandar tsakiya.

3. A tsayar da ita a ƙasa, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya. A juya ta, kowace ƙafa ta koma wurin 'yar'uwarta, a sāke yin alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce alamar daidai.

4. A gona, a kafa turke a ƙafa ɗaya, a matsa ɗaya ƙafar sama ko ƙasa har igiya ta tsaya a kan alamar daidai, a kafa wani turke. A ci gaba haka har ƙarshen gona.

A kan layin turakan nan za a jera duwatsu, ko a dasa gamba ko jema. Kunya duka su bi wannan layi, kada su miƙe daga sama zuwa ƙasa. Inda gangare ya yi tsanani, layukan su matso kusa da juna. A fara daga saman gona, gama daga can ruwa ke samun ƙarfi. Aikin gayya ne, domin in maƙwabcin sama bai yi ba, ruwansa zai rushe na ƙasa. Kada kuma mu ƙone karan gona. Mu zuba shi a ramin taki tare da kashin dabbobi da toka.

Tafkunan da masu haƙar kuza suka bari suna ba mu ruwan lambu da rani. Amma suna da zurfi ƙwarai, bakinsu kuma yakan zube. Mu hana yara wanka a cikinsu.

Masu sayen fili

Abin da ya sa wurinmu ya yi mana daɗi shi ne ya sa mutanen birni ke son gina gidaje a cikinsa. Gari yana matsowa, masu neman fili suna yawo da kuɗi a hannu. Ba laifi ba ne baƙo ya zauna tare da mu. Amma kafin mutum ya sayar, ya zauna ya yi lissafi. A ce gonarsa tana ba shi buhu 20 na dankali a shekara. Cikin shekara 10 buhu 200 ke nan, gonar kuma tana nan 'ya'yansa su gāda. Kuɗin sayarwa sau ɗaya ake karɓarsa. In ya ƙare a biki ko babur, mai gona ya koma ɗan ƙodago a ƙasar ubansa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni gwamna ne ke ba da takardar mallaka. A ƙauye ƙaramar hukuma tana iya ba da takardar riƙon gargajiya. Yana da kyau kowane gida ya nemi takardar gonarsa, ya kuma dasa ƙerana ko itatuwa a iyaka. Wanda bukata ta matsa masa, gara ya ba da haya na ƙayyadaddun shekaru, a rubuce, a gaban dagaci da shaidu, matarsa da manyan 'ya'yansa suna sane. In asusun ƙungiya yana da ƙarfi, memba zai ci bashi daga ciki ya biya kuɗin asibiti ko na makaranta, ba sai ya taɓa gona ba.

Kwanciyar hankali aiki ce

Ba za mu yi maganar zaman shiru mu manta da abin da ya same mu ba. Tun rikicin Jos na Satumba 2001 an yi ta rasa rayuka a wannan tudu, har da hare-haren Bokkos da Barikin Ladi a Disamba 2023. Duk inda aka yi tashin hankali, motar kaya ba ta zuwa, baƙi sukan ɗauke ƙafa, gona ta koma daji. Ba kowane abu ne ke hannunmu ba, amma akwai wanda ke hannunmu. Kada mu nome burtali ko mu toshe mashaya. In dabba ta yi ɓarna, a kai magana wurin dagaci da arɗo tun tana ƙarama. Shugabannin ƙungiya su riƙa zama da maƙwabta kafin damina, ba sai bayan abu ya faru ba. Kada kuma mu yaɗa jita-jitar da ba mu tabbatar ba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

A taronku na gaba, sakatare ya karanta waɗannan tambayoyi, a amsa su, a rubuta amsoshin a littafi:

1. Gonaki nawa ne na membobinmu ruwa ya fara tsagawa, wace rana kuma za mu fara gayya a kan ta farko?

2. Gidaje nawa ne suka sayar da fili cikin shekara 5 da suka wuce, me ya sa su?

3. Wane kaya za mu fara kaiwa kasuwa tare a wannan kaka?

4. Su wa za mu aika su zauna da maƙwabtanmu a kan burtali da mashaya?

Rani shi ne lokacin jera duwatsu, tun ƙasa tana bushe hannu kuma bai cika da aiki ba. Ƙungiyar da ta gama layi ko da uku kafin ruwan Afrilu za ta ga ƙasar da ta taru a bayansu kafin damina ta kai tsakiya.