Wa Ke Da Alhaki Idan Rami Ya Kayar Da Babur?

Babur shi ne ƙafar mutanen Dabawa da ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi a jihar Katsina. A kansa ake kai buhun gero kasuwa, a kansa ake garzayawa da mai naƙuda asibiti. Da damina ta faɗi, ruwa kan zaizaye gefen kwalta, ya buɗe bakin kwalbati, ya rufe ramuka ta yadda mai tuƙi ba ya gane zurfinsu sai ya faɗa. Mota tana da ƙafa huɗu, ta ci rami ta wuce. Babur kuwa ƙafa ɗaya ta kauce, shi ke nan sai karaya. Mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su kan ce ƙaddara ce, a wuce wurin mai ɗori. Yarda da ƙaddara wajibi ne ga Musulmi, amma ba ta kankare hakki daga wuyan wanda ya yi sakaci.

Farkon abin dubawa shi ne hanyar ta wace ce. Hanyoyin Najeriya kashi uku ne. Na tarayya suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka, gyaransu kuma na hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Na jiha suna hannun gwamnatin Katsina da hukumarta ta KASROMA. Hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa kuwa, tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a kan ƙananan hukumomi. Wanda ya kai ƙarar hukumar da ba ita ke da hanyar ba, ya yi asarar lokaci da kuɗin lauya.

Sai dai sanin mai hanya bai isa ba. Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ta bambanta abu biyu: hukumar da ta bar hanya ta lalace da kanta, da wadda ta taɓa hanyar da hannunta ta bar haɗari a kai. Ta farko tana da wuyar kamawa a kotu, ko da ramin ya shekara ana faɗawa. Ta biyu kuwa a fili laifinta yake. Ingila ta soke kariyar da ta farko ke samu tun 1961, domin ba adalci ba ne a ce wanda aka ba amanar gyara ya tsira saboda kawai ya naɗe hannu. Saboda wannan bambanci, a Najeriya ƙarar da ta fi ƙarfi ita ce ta ɗan kwangilar da ya haƙa hanya ya tafi ba alama ba fitila, ko ya jibge tsakuwa a kan kwana.

Ba gwamnati kaɗai ke jawo haɗari ba, wannan kuma shi ne abin da mutane ba su cika son ji ba. Mai gini da ya sauke yashi a bakin titi, manomin da ya baza shanyar masara a kan kwalta, matasan unguwa da suka yi tudun rage gudu da daddare ba fenti, direban da babbar motarsa ta mutu ya yayyafa ganye ya yi gaba, duk ana iya neman diyya a hannunsu. Fikihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Katsina ke bi, ya daɗe da warware wannan. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar jama'a, inda bai halatta gare shi ba, shi zai ɗauki nauyin abin da ya salwanta a dalilinsa.

Mai babur ma ana duba nasa. Idan yana gudun wuce sa'a, ko ya ɗauko mutum uku da buhu, ko fitilarsa ta mutu, ko babu hular kwano da hukumar kiyaye haɗura ta fara tilastawa a Janairun 2009, kotu kan rage masa diyya gwargwadon kason laifinsa. Fasinjan ɗan acaɓa yana da damar bin direban da wanda ya bar haɗari a kan hanyar gaba ɗaya. Inshorar da doka ta wajabta, fasinja da sauran mutanen da aka raunata take karewa, ba mai tuƙin ba.

Lokaci shi ne babban tarko. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, kuma a 1998 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kariyar ta shafi hukumomi, ba ma'aikata kaɗai ba. Wanda ya karye a cinya kan cinye wata ukun nan a kwance. Wasu hukumomin kuma sai an aika musu takardar sanarwa kafin a maka su a kotu. Don haka dangi ne ya kamata su tashi tun ranar farko: a ɗauki hoton ramin kafin a cike shi, a sanar da 'yan sanda, a rubuta sunayen waɗanda suka gani, a adana katin asibiti da rasiɗin magani. Idan mai unguwa ko kansila ya taɓa rubuta koke kan wurin, kwafin takardar hujja ce babba, domin ita ke nuna hukumar ta san da haɗarin ta ƙyale. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa, wadda ke da ofis a birnin Katsina.