Igiyar Awon Mesa

Da daminar bara aka tsince ta, a wata gonar masara da ke bayan Afaka, inda gidajen Mando ke ƙarewa daji ya karɓa. Masu noma sun ɗaga wani tarin ciyawa sai ga ta a naɗe, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu ba. Har fartanya ta tashi sama. Wani saurayi ɗan maƙwabcina, mai karatun kiwon dabbobi, shi ya riƙe hannun mai fartanyar, ya ce wannan ba kasa ba ce, 'yar mesa ce. Ya sa ta a buhu ya kawo gida.

Ban ga laifin mai fartanya ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuwa a ƙasar nan maciji ya sare mu ba sau ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe lokacin shuka ko girbi ya san abin da kububuwa ke yi wa manomi. Zanen jikin 'yar mesa kuma, ƙasa-ƙasa da baƙi-baƙi, yana iya ruɗar mai gaggawa ya ɗauka kasa ce. Hatta labarin asalinmu da kisan maciji ya faro, da Bayajidda da rijiyar Kusugu ta Daura. Tun muna yara aka koya mana ba a kashe maciji a bar kansa. Sai dai mesa ba ta da dafi ko ɗigo. Makaminta jikinta ne, da haƙora ƙanana masu lanƙwasa ta baya kamar ƙugiya.

Yaron ya haɗa mata akwatin katako mai murfin raga, ya sa kaskon ruwa, ya kifa rabin tukunya ta zama maɓoyarta. Ya kuma sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ja layi uku: ranar da ta ci, nauyinta, tsawonta. Wannan littafi shi ya ja ni ga al'amarin.

Wata yamma ya kira ni in ga cin abincinta. "Baba, kada ka yi motsi da yawa," in ji shi. Ya kamo mataccen ɓera, wanda ya ɗumama a ruwan ɗumi, da dogon hantsaki, ya sauke shi bakin tukunyar yana ɗan girgiza shi. Da farko harshe kawai ya fito, mai rassa biyu, yana lasar iska. Da shi take sansanar duniya. Sai kai ya biyo, a hankali kamar ba za ta iso ba. Ban ga saran ba. Na dai ga ɓeran ya ɓace cikin naɗi uku. Ta riƙe shi tsawon lokaci, sannan ta sassauta, ta bi jikinsa da baki har ta gano kai, ta fara daga nan. Ta kai take haɗiya, don ƙafafu da gashi su kwanta.

Dalilin ɗumama ɓeran yana leɓenta. Akwai wasu 'yan ramuka a gefen bakin mesa da ke jin zafin jikin dabba, ko cikin duhun da ido ba ya gani. Dalilin kashe ɓeran kafin a ba ta kuwa shi ne ɓera mai rai, in ya ga ba mafita, yana iya cizon 'yar mesa ya yi mata rauni har ya kashe ta. Kuma ɓerayen da yaron ke ba ta na kiwo ne, ba na kwata ko rumbu ba, saboda guba da kuma zazzaɓin Lassa da wani nau'in ɓeran gida ke ɗauke da shi. Duk sanda ya taɓa mesar sai ya wanke hannu da sabulu.

Abubuwa biyu da na taso ina ji game da mesa sun rushe a gabana a ranar. An ce tana lashe abin da ta kama da miyau har ya yi santsi kafin ta haɗiye. Ban ga ta lashi komai ba. An kuma ce tana kakkarya ƙasusuwa. Binciken da aka yi a Amurka aka buga a 2015 kan wata 'yar'uwarta mai naɗewa ya nuna matsar tana tsayar da gudun jini ne, zuciya ta kasa aiki, mutuwa ta zo da sauri. Haɗiyar kuwa ba gocewar muƙamuƙi ba ce. Muƙamuƙinta na ƙasa gida biyu ne, jijiya mai miƙewa ta haɗa su a haɓa, sai gefen dama ya matsa gaba ya kafa haƙora, na hagu ya biyo, kamar mai sa wa matashi riga. Bakin bututun numfashinta kan turo gaba ta ƙarƙashin abincin don kada ta shaƙe. Wanda ya fara kiran tiyon ruwa da sunan mesa ya san abin da ya gani.

Bayan ta ci, sai kwana biyu ba a taɓa ta, domin in an dame ta takan amayar. A kwanakin nan cikinta ke aiki: hanjin da ya kwanta tun cin baya ya kumbura ya farka, ruwan ciki ya narkar da nama har da ƙashi, gashi kaɗai ke fita. Ƙa'idar yaron ita ce ɓera ɗaya duk mako, kuma kada kaurinsa ya wuce inda jikinta ya fi kauri.

Awon tsawo shi ne mai wuya, don mesa ba ta miƙewa saboda kowa. Sai ya bar ta tana tafiya a gindin bango, ya bi bayanta da igiya daga hanci zuwa wutsiya, ya ƙulla, sannan ya auna igiyar da tef ɗin tela. Na ce masa me zai hana ya auna saɓarta ya huta. Ya ce saɓa ƙarya take yi, tana miƙewa wajen cirewa ta fi mai ita tsawo. Nauyi kuwa a jakar yadi yake ɗauka, kan ƙaramin sikeli. A nan ne ya nuna mini wasu 'yan ƙumba biyu kusa da wutsiyarta, ragowar ƙafafun baya. Na tuna labarin da tsofaffi ke ba mu cewa maciji da yana da ƙafafu.

Da hunturu ya shigo, littafin ya yi shiru. Sanyin Disamba da Janairu a Kaduna ba wasa ba ne ga dabbar da ba ta da zafin jiki nata na kanta. Ta ƙi ci mako bayan mako. Idanunta suka yi hazo-hazo kamar an shafa musu toka, alamar saɓa ta kusa, amma bushewar iska ta sa tsohuwar fatar ta manne. Yaron ya shiga damuwa. Ya riƙa naɗe jarkar ruwan ɗumi da tsumma yana ajiyewa a gefe ɗaya na akwatin, ya jiƙa buhu ya shimfiɗa. Wata safiya ya tarar da saɓar a jikin tukunya, mesar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Da zafi ya dawo, ci ya dawo, igiya ta ci gaba da tsawo.

To, a nan ne nake da magana. Mesa iri biyu ce a Afirka ta Yamma. Akwai ƙarama, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, da wuya ta wuce mita 1.5. Ita ake fitarwa daga Gana da Togo da Benin zuwa Turai da Amurka don kiwo, ita ce kuma ake girmamawa a ɗakin mesa na Wida a Benin. Ta Mando ba ita ba ce. Mesar dutse ce, macijin da ya fi kowane girma a nahiyar nan. Tana kai mita 3 zuwa 4, wasu su haura 5. Babba tana haɗiye gada da akuya, har ƙaramin kada, dabbar da garin nan ya samo sunansa daga gare ta. Uwarta ta saka ƙwai masu yawa a wani suri ko ramin dabgi, ta naɗe su wajen wata biyu zuwa uku ba ci, tana tsaronsu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ke cikin akwatin nan uwarta zai zama.

Gardawan da ke yawo kasuwa-kasuwa da mesa a wuya, ana kaɗa musu ganga suna sayar da magani, sun sa mutane na ganin sabo na sauya ta. Hali zanen dutse ne. Mesa kan saba da hannu ta daina sara, amma ba ta san mai gida ba, ɗumi da wari ta sani. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na Kanada, irin wannan mesar ta kuɓuce daga inda aka ajiye ta cikin dare, ta kashe yara biyu 'yan'uwan juna suna barci. A gidan maƙwabcina akwai yara ƙanana, akwai kaji, akwai 'yan awaki.

Ba kuma ina cewa a koma ga fartanya ba ne. Mesa ta sha wuya a hannunmu: fatarta jaka da takalmi, kitsenta a kwalaben masu maganin sanyin ƙashi, dajin da take ɓuya a ciki kuma ana ta yanka shi filaye daga Mando har hanyar filin jirgi. Dokar kare namun daji ta Nijeriya ta 1985 ta sa ta cikin dabbobin da aka hana fataucinsu. Manomin da ya kashe ta, ɓera da gafiya ya yi wa aiki.

Makon jiya aka sake awo. Yaron ya miƙe igiyar a tsakar gida, ƙulli bayan ƙulli, na farkon can kusa da hannunsa, na ƙarshen ya wuce tsayin ƙanwarsa mai shekara biyar da ke tsaye tana kallo. Mahaifiyarsa ta dubi igiyar, ta dubi yarinyar.

"Ɗan nan, ka gani da idonka."

"Na gani, Inna."

Ya riga ya yi magana da ma'aikatan gandun daji, sun ce ya kawo ta da farkon damina, lokacin da ciyawa ta rufe ƙasa. Ya rubuta tsawon a layinsa, ya naɗe igiyar ya sa cikin littafin. Ya ce da shi zai miƙa ta, don wanda ya karɓa ya san ranar da ta ci na ƙarshe.