Yadda ƙwayar kyanda ke shiga jiki ta hayayyafa

Kyanda, wadda ake kuma ce wa baƙon dauro, ƙwayar bairas ce ke kawo ta. Ƙwaya ce ƙanƙanuwa ƙwarai: sai an jera kamar 5,000 kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Ba ta ci, ba ta numfashi, ba ta kuma iya haihuwa da kanta. Abin da take ɗauke da shi kawai ɗan zaren bayanan gado ne mai suna RNA, a naɗe cikin kwanson furotin da fatar kitse. Shi ya sa dole ta shiga cikin ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama jikin mutum.

Da iska take shiga. Mai ciwo in ya yi tari ko atishawa, ƙwayar na iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi, wajen 9 za su kamu. A bayan ƙwayar akwai furotin iri biyu. Na farko, H, shi ke kama wata kafa mai suna CD150 a jikin ƙwayar halitta. Na biyu, F, shi ke haɗe fatar bairas da ta ƙwayar halittar, zaren RNA ya zube ciki. Abin mamaki, wannan kafa a jikin ƙwayoyin garkuwa take, wato masu tsaron huhu su ne farkon kamuwa. Su ne kuma ke kai cutar kaluluwa, daga nan jini ya yaɗa ta.

Abin da ke faruwa a ciki kamar baƙo ne ya shiga shagon tela da samfurin rigarsa kaɗai, ya tilasta a ɗinka masa da keken mai shago, da zarensa da yadinsa. Ƙwayar halitta tana karanta bayanin baƙon, ta ƙera masa furotin, ana kwafar RNA ɗinsa. Sassan su haɗu, su toho ta gefe, su yagi fatar ƙwayar su fita a matsayin sababbin bairas. Wani lokaci ma ba sai sun fita ba, furotin F kan manne ƙwayar da ta kamu da maƙwabtanta.

Duk wannan aiki ana yin sa yaro na wasansa. Sai bayan kwana 10 zuwa 12 zazzaɓi, mura, tari da jan ido ke bayyana, ƙuraje su biyo baya daga fuska zuwa gangar jiki. Kafin nan ƙwayar ta koma hanyar numfashi ta wata kafa, nektin-4, don haka yaro yana yaɗa cutar tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito.

Ɓarnar da ba a gani ta fi ƙurajen muni. Kyanda tana kashe ƙwayoyin da ke riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa. Binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna yara na rasa kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na ire-iren sinadaran kariyarsu. Shi ya sa ciwon huhu da zawo kan biyo bayanta, musamman ga yaro mai tamowa, irin waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinya a Magarya ta Nijar tun 2005.

A Nijar annobar kan tashi da rani, ta lafa in damina ta sauka. Wani bincike na 2011 a Yamai, Maraɗi da Damagaram ya danganta hakan da cunkoson ƴan ci-rani a birane. Dungas da Magarya kuwa suna bakin iyaka da Najeriya, zirga-zirgar kasuwa da zumunci ba ta yankewa, cutar kuma na iya bin ta.

Magungunan kashe bakteriya ba sa taɓa bairas. Ana ba da su ne in wata cuta ta hau kai, bitamin A mai kare ido kuwa ana ba duk yaron da ya kamu. Abin da ke tare kyanda shi ne allurar rigakafi, wadda aka fara amfani da ita a Amurka a 1963. Raunanniyar ƙwaya ce da ke koya wa jiki yin sinadaran da za su toshe furotin H da F. Ana yi wa yaro ta farko yana da wata 9, ta biyu cikin shekararsa ta biyu, kuma sai kashi 95 cikin 100 na yaran gari sun samu duka biyun kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa.