"Hajiya, Ki Zauna Ki Huta": Hutun da Ke Kayar da Tsofaffi

A watan Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, tana danganta shi da mutuwar fiye da mutum 871,000 duk shekara. Da yawa a nan za su taɓe baki su ce ciwon Turawa ne, mu tsofaffinmu suna tsakiyar 'ya'ya da jikoki.

A cikin gida suke, gaskiya ne. Amma a leƙa ɗakin tsohuwar da ta taɓa zamewa a bakin banɗaki sau ɗaya, 'ya'ya suka yanke hukunci: "Hajiya, ki zauna ki huta, me kike nema da ba za a kawo miki ba?" An karɓe tsintsiya, an soke zuwa biki da suna da ta'aziyya, buta ma jika ke kawowa. Da safe a gaishe ta daga bakin ƙofa, a ajiye koko a wuce. In kunne ya fara nauyi kuwa, kowa ya gaji da maimaita magana, hira ta mutu. Wata ma tun da ta shiga takaba ba ta sake komawa cikin mutane ba. Wai gata ke nan.

Abin da masu wannan gatan ba su lura da shi ba, tafiya aikin ƙwaƙwalwa ce. Ido yana kai mata labari, can cikin kunne akwai sashen da ke auna karkatar kai, tafin ƙafa da gaɓoɓi suna faɗa mata inda ƙasa take, ita kuma tana haɗawa ta ba tsoka umarni, kamar mai tallar fura da ƙwarya a kai tana lissafin canji. A 1997 masu bincike a Sweden sun lura cewa tsofaffin da ke tsayawa cak idan an yi musu magana suna tafiya sun fi sauran faɗuwa cikin wata shida na gaba. Ƙwaƙwalwar ce ta kasa riƙe aiki biyu.

Tsoka kuwa ba ta jira. A wani gwaji a Amurka a 2007, tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 kacal sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu.

Sai tunani. Rahoton manyan cibiyoyin kimiyya na Amurka na 2020 ya danganta keɓewa daga mutane da ƙarin kusan kashi 50 cikin ɗari na haɗarin gigin tsufa. Wani lokaci gigin ne ke fara janye mutum daga jama'a, amma ko masu jini a jika ba su tsira ba: an auna ma'aikata tara da suka yi wata 14 a tashar Jamus ta Neumayer a yankin ƙanƙara na Antatika, aka tarar wani ɓangare na sashen ajiye tunani ya ragu da kimanin kashi 7.

Abin ya fi cin mata. Sun fi maza tsawon rai, galibi miji ke riga su rasuwa, kuma bayan ɗaukewar al'ada ƙashi yana raguwa, faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙugu. Faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 a duniya duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi ɗauka. Idan tsohuwa ta fara sambatu kuma, sai a ɗora wa aljanu, a wasu wuraren ma a yi mata ƙazafin maita, alhali ba a taɓa duba mata ido ko kunne ba.

Najeriya ta sa hannu kan dokar cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, sai 2021 cibiyar ta fara aiki. Har yanzu a yawancin ƙananan asibitoci awon hawan jini ake yi wa tsohuwa a rubuta magani, ba mai tambayar yaushe rabonta da fita ƙofar gida, ko sau nawa ta faɗi bana.