Hanyoyin Mota a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Nufinmu yau mu duba al'amarin hanyoyin mota, da inda kuɗinsu ke fitowa.

Dattawa sun sani auduga ce ta jawo hanya wannan ƙasa. Turawan kamfanin B.C.G.A. suna da injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, dogon jirgi kuma ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Hanyar da aka share a zamanin nan don a kai kaya tasha aka share ta. Da kuɗin mai ya zo bayan 1970 aka malala kwalta ko'ina, jirgi kuwa ya yi ta ja da baya, har nauyin da ƙarfe ke ɗauka ya koma kan kwalta. Tirela ta taka, damina ta jiƙa, sai rami.

Gwamnati ta gwada dabaru iri iri. An kafa asusun P.T.F. a 1994, ya gyara abin da ya gyara. A 2002 aka kafa hukumar FERMA don faci. A 2019 aka yarda manyan kamfanoni su gina hanya, a cire musu kuɗin daga harajinsu.

Wadda ta fi cancanta malamai su tsaya a kanta ita ce sukuk, da aka fara a 2017 da naira biliyan 100, aka raba wa hanyoyi 25. Ga yadda take. Mai kuɗi ya sayi rabo cikin amfanin hanya, gwamnati ta karɓi hayarta, tana biyansa kuɗin haya har wa'adi ya cika, sa'an nan ta mayar masa da uwar kuɗinsa. Wato ijara ce, ba rance da ruwa ba. Attajirin da ya daɗe yana gudun takardun bashin gwamnati saboda tsoron riba, ga ƙofa ta buɗe masa. Sai dai ya tambayi malaminsa sharuɗɗan kafin ya sa hannu.

Yanzu hankalin hukuma ya koma ga manyan ayyuka. A 2024 aka ƙaddamar da hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, fiye da kilomita 1,000, kuma an ba da kwangilar tagwaita wadda ta tashi daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau zuwa Sakkwato. Madalla. Amma fa masarar da ake jibgewa a kasuwar Ɗandume, da tumatirin Danja, ba a bakin kwalta aka noma su ba. Manomin ƙauyen Ƙafur, in gulbi ya kawo a watan Agusta, babu motar da za ta isa gare shi da taki, da kaka kuma dillali ya rage masa kuɗin buhu saboda wahalar ɗauko shi. Waɗannan ƙananan hanyoyi na gwamnatin jiha ne da ƙananan hukumomi, su ne kuwa ba a cika jin labarinsu a rediyo ba.

Ga kuma sha'anin tsaro. Tsakanin Sheme da 'Yankara zuwa Tsafe an sha tare matafiya, har direbobi suka riƙa ƙin bi in la'asar ta yi sanyi, falke ya kwana Funtuwa da kayansa.