KALMAR "SCHEME": SHIRI NE KO MAKIRCI?

A cikin kalmomin Ingilishi da ke ba masu fassara labarai wahala, kaɗan ne suka kai "scheme" santsi. Asalinta daga harshen Girka ne, inda take nufin siffa ko fasali, sa'an nan ta bi ta Latin ta shiga Ingilishi. Amma yau fuska biyu gare ta.

Idan ta zo a matsayin suna, musamman a Turancin Ingila wanda muka gada, galibi ba ta da aibu, watau tsararren shiri ke nan. Da ita ake kiran shirin yi wa ƙasa hidima wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, haka nan kuma shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976. A Amurka kuwa, ko sunan ma yakan zo da warin zamba.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan ta zama aikatau. Duk wanda aka ce yana "scheming", to, ba a yabe shi ba, ana nufin yana ƙulle-ƙulle a ɓoye don biyan bukatar kansa. In "against" ta biyo baya, wani ake yi wa maƙarƙashiya. In "to" ce, mutum na kitsa yadda zai kai ga wani abu, kamar kujerar mulki ko dukiyar marayu.

Tana da 'yan'uwa da ya kamata a bambanta. "Devise" ƙago dabara ce kurum, babu zargi a cikinta. "Plot" kuwa ta fi nauyi, don ita ake faɗa wa irin makircin su Laftanar Kanar Dimka wanda ya ci ran Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu, 1976.

To, a ce labari ya zo cewa wani kwamishina ya fito da "scheme" na raba taki, mai fassara ya rubuta "ya ƙulla makircin taki". Ya ɓata sunan bawan Allah, ya kuma jawo wa jaridarsa zuwa kotu. In kuma ya mai da ƙulle-ƙullen azzalumi "shiri", ya wanke mai laifi, ya yaudari masu karatu.

Saboda haka kafin alƙalami ya taɓa takarda, a dubi mazaunin kalmar cikin jimla, a dubi ƙasar da labarin ya fito. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka buga.